Tambayoyi da Amsoshi a Kan Mutanen Filifin: Harshensu, Ladabinsu da Zamansu a Gida da Ƙetare

Wanda ya taɓa kwanciya a asibiti a Jidda ko Riyad, da wuya a ce bai wuce ta hannun malamar jinya 'yar Filifin ba. Dattawan da suka yi sakandare a arewacin Najeriya a shekarun 1970 da 1980 har yau suna tuna malamansu na lissafi da kimiyya 'yan wannan ƙasa. Yanzu kuma 'ya'yanmu ne ke tafiya can karatun likita da jinya da tuƙin jirgin ruwa. Ni dai na yi 'yan shekaru ina aiki tare da su a Riyad, ɗaki ɗaya muke hutawa, wani lokacin kwano ɗaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini tun da na dawo.

Su 'yan Asiya ne, to me ya sa sunayensu kamar na mutanen Sifen, Turancinsu kuma irin na Amurka?

Domin duka biyun sun mulke su, ɗaya bayan ɗaya. Filifin tarin tsibirai ne, 7,641 a ƙidayar hukuma ta baya-bayan nan, an kasa su gida uku: Luzon a arewa inda Manila take, Visayas a tsakiya, Mindanao a kudu. Ƙidayar 2020 ta samu mutum miliyan 109. Matuƙin jirgin ruwa Magellan ya sauka can a 1521 da tutar Sifen, bai kuma fita da rai ba, mutanen sarki Lapulapu suka kashe shi a tsibirin Mactan. Mulkin Sifen na sosai ya fara a 1565 ya ƙare a 1898, shekara 333 ke nan. Sunan ƙasar ma daga na wani yarimansu aka ɗauko, wanda ya zama Sarki Filib na biyu.

Maganar sunaye kuwa doka ce ta kawo ta. A 1849 gwamna Narciso Clavería ya ga karɓar haraji na ba shi wahala saboda mutane da yawa ba su da sunan dangi tsayayye. Sai ya sa aka buga kundin sunaye, aka rarraba wa garuruwa, kowane gida ya ɗauki ɗaya. Saboda haka idan ka ji wani sunansa Garcia ko Mendoza, ba lalle ne yana da ɗigon jinin Bature ba. Mai yiwuwa kakan kakansa ne aka miƙa wa takarda aka ce zaɓi.

A 1898 Sifen ta sha kashi a hannun Amurka, ta miƙa mata tsibiran a kan dala miliyan 20, duk da cewa jagoran masu fafutukar 'yanci, Emilio Aguinaldo, ya riga ya shelanta 'yancin kai ran 12 ga Yuni na shekarar. Amurkawa suka shigo da makarantun gwamnati da Turanci da ƙwallon kwando. Japan ta mamaye ƙasar daga 1942 zuwa 1945, sai a 1946 Amurka ta sake su. Amma ranar da suke bikin 'yanci ita ce 12 ga Yuni, wadda suka ba kansu.

Tagalog ne sunan harshensu ko Filipino?

Duka biyun za ka ji. Tagalog harshen mutanen Manila da kewaye ne. A 1937, zamanin Shugaba Manuel Quezon, aka zaɓe shi ya zama tushen harshen ƙasa, daga baya aka raɗa masa Pilipino, tsarin mulkin 1987 kuma ya kira shi Filipino, ya ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da Turanci a matsayin harshen hukuma. A baki dai bambancin ba shi da yawa. Sai dai ƙasar tana da harsuna fiye da 170, kuma ba kowa ne ya ji daɗin wannan zaɓi ba. Mutumin Cebu harshensa Cebuano ne, wanda suke kira Bisaya, kuma idan ka ce masa yarensa karin harshen Tagalog ne ka taɓo masa inda yake yi masa ƙaiƙayi. Akwai Ilocano, Hiligaynon, Waray, Bikol, Kapampangan, akwai Maranao da Tausug a kudu. A birnin Zamboanga ma wani harshe suke yi, Chavacano, wanda yawancin kalmominsa na Sifen ne.

Abubuwa uku na harshen suka tsaya mini a rai. Na farko, ba su da "shi" da "ita", kalma ɗaya ce, *siya*, ga mace ga namiji. Shi ya sa za ka ji ƙwararren ma'aikaci yana ba da labarin matarsa da Turanci yana ce mata "shi". Na biyu, "mu" iri biyu gare su: *kami*, mu ban da kai da nake wa magana, da *tayo*, mu har da kai. Ka ga ke nan tun daga lafazi za ka san ko an sa da kai. Na uku, asalin Tagalog ba shi da harafin f, don haka p da f kan rikice musu, su kira kansu Pinoy, mace kuma Pinay. Wannan dai Bahaushe ba shi da bakin yi musu dariya.

Kalmomin Sifen sun cika gidan: *mesa* tebur, *silya* kujera, *kutsara* cokali, *sapatos* takalmi. Gaisuwarsu *kumusta* ma daga can ta fito. A Manila kuwa ba sa gama jimla ba su cusa Turanci ba, abin da suke kira Taglish, ɗan'uwan Ingausar samarinmu.

Mene ne wannan "po" da suke maƙalawa a kowace magana?

Ladabi ne. Ba shi da fassara, ana sa shi ne a cikin jimla idan ana magana da babba ko baƙo ko maigida. *Salamat* na gode ne, *salamat po* kuma na gode cikin girmamawa. *Oo* shi ne eh tsakanin tsara, *opo* shi ne eh na yaro ga babba. Yaron da ya ce wa kakarsa *oo* tsirara, sai an tambayi wa ya yi tarbiyyarsa. Wannan al'adar Tagalog ce. Masu Bisaya ba su cika amfani da ita a harshensu ba, kuma ba rashin kunya ba ne.

Ba sa kama sunan wanda ya girme su gatsal. Wa shi ne *kuya*, ya kuma *ate* (a furta a-te), kamar dai yadda muke cewa Yaya. Kuma ba a gida ya tsaya ba: direban mota *kuya* ne, mai sayar da kifi a kasuwa *ate* ce. Abokan iyaye *tito* da *tita*, kaka namiji *lolo*, mace *lola*. Sai kuma *mano*: yaro ya kama hannun dama na dattijo, ya sunkuya, ya ɗora bayan hannun a goshinsa yana cewa *mano po*, dattijon ya sa masa albarka. Na ga magidanci mai furfura ya yi wa wata tsohuwa haka a filin jirgin sama, a gaban jama'a, ko a jikinsa.

Me ya sa ɗan Filifin zai ce "to" da fara'a, sannan bai yi abin ba?

Nan ne na fi shan wahala, kuma nan ne na ga yawancin rigimar da ake yi da su ta samo asali. Suna da kalma, *hiya*, wadda ta fi kusa da kunya da kara a haɗe. Suna kuma da *pakikisama*, wato tafiya da mutane, kada ka zama kai ne mai ɓata zama. A tsakanin waɗannan biyun, cewa "a'a" ƙiri-ƙiri a fuskar mutum abu ne mai nauyi ƙwarai.

Wata rana na roƙi abokin aikina ya riƙe mini aikin ranar Juma'a. Ya yi murmushi ya ce *titingnan ko*, wato zan duba. Na ɗauka magana ta ƙare. Juma'a ta zo bai zo ba, ni ma ban zo ba, ranar Asabar shugabanmu ya wanke ni tas. Raina a ɓace na same shi a ɗakin hutu, a gaban mutum biyar ko shida, na ɗaga murya. Bai ce uffan ba, murmushin ma bai bar fuskarsa ba. Sai dai daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, sauran 'yan ƙasarsu ma duk suka ja jiki. Wata babbar mace a cikinsu ce ta kira ni gefe ta warware mini. Ta ce "zan duba" ɗin nan a'a ce, ya ba ni amsa ni ne ban ji ba. Ta ce laifina kuma ya fi nasa, domin na sa ya zama *napahiya*, na kunyata shi a bainar jama'a. Ita ce ta shiga tsakani, na kawo abinci, aka ci tare, maganar ta mutu ba tare da an sake tayar da ita ba.

Abin da ya ba ni haushi da kaina shi ne na san wannan hali sarai. Mu ma idan aka ce "sai na duba" ko "Allah ya kai mu", kowa ya san inda aka dosa. Don dai an faɗe shi da wani harshe ne na kasa ganewa. Idan kana da gyara ga ɗan Filifin, ja shi gefe. Idan maganar mai nauyi ce, aika wanda yake ganin girmansa. Kada kuma murmushi ya ruɗe ka, suna yin sa a lokacin farin ciki, suna yin sa a lokacin da ransu ya fi ɓaci.

Na ji ana cewa "utang na loob". Bashi ne?

Bashi ne, amma ba na kuɗi ba. *Utang* bashi, *loob* ciki, wato bashin da ke cikin zuciya. Wanda ya biya maka kuɗin makaranta, ko ya samo maka aiki a ƙetare, ko ya tsaya maka ranar da mahaifiyarka take asibiti, ba ka da ranar gama biyansa. Na iyaye shi ne kan gaba. Shi ya sa babbar 'ya za ta jinkirta aurenta shekaru tana biya wa ƙannenta makaranta ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda zai ga abin mamaki. Wanda aka ce masa *walang utang na loob*, marar wannan bashi, an kira shi butulu ke nan, zagin da ba ya wankuwa da wuri.

Kyansa a fili yake: tsofaffi ba sa tagayyara, gidan ajiye tsofaffi baƙon abu ne a wurinsu. Muninsa kuma 'yan siyasa sun daɗe da gano shi. Wanda ya biya kuɗin akwatin gawar mahaifinka yau, gobe zai zo neman ƙuri'ar gidanku duka. Matasansu ma sun fara ƙorafi a fili cewa an haife su ne don su zama fanshon iyaye.

Ɗan'uwan wannan shi ne *bayanihan*, gayyarsu. Hoton da suke alfahari da shi shi ne na mazan ƙauye sun zura gorori a ƙarƙashin bukkar maƙwabci, sun ɗaga ta ɗungurungum a kafaɗa zuwa sabon wuri, mai gida ya biya su da abinci. Yau ba a cika ɗaukar gida ba, amma kalmar na dawowa duk lokacin da guguwa ta yi ɓarna.

Me ya sa suka bazu a duniya haka?

Gwamnati ce ta buɗe ƙofar da gangan. A 1974 Shugaba Ferdinand Marcos ya sa hannu a dokar ƙwadago da ta tsara tura ma'aikata waje, daidai lokacin da kuɗin mai ya fashe a ƙasashen Larabawa ana neman magina da injiniyoyi. An ce na ɗan lokaci ne. Yau sama da shekara hamsin ke nan. Ana kiran su OFW, wato ma'aikatan Filifin na ƙetare, kuma Saudiyya na sahun gaba a ƙasashen da suke zuwa, sai Daular Larabawa, Kuwait, Katar, Hong Kong da Singafo. Malaman jinyarsu sun cika asibitocin Amurka da Ingila, domin tun zamanin mulkin Amurka aka gina makarantun jinyarsu a kan tsarin can kuma da Turanci. Jiragen ruwan dakon kaya na duniya kuwa, da wuya ka hau ɗaya babu ɗan Filifin a ciki. A 2023 kuɗin da suka aika gida ya haura dala biliyan 37.

Gwamnati na yi musu kirari da *bagong bayani*, sababbin jarumai. Ni dai kirarin bai taɓa kwanta mini ba. Na san mata da ke rainon 'ya'yan wasu shekara goma, nasu suna hannun *lola*, ta waya ake duba aikin makaranta, ta waya ake faɗa, ta waya ake kallon bikin kammala karatu. Wasu ma ba sa dawowa da ƙafarsu. A 1995 Singafo ta rataye wata 'yar aikin gida, Flor Contemplacion, bisa laifin kisa. Mutanen Filifin da yawa ba su yarda da shari'ar ba, ƙasa ta ɗauki zafi, a shekarar aka yi dokar kare ma'aikatan ƙetare. A 2018 gwamnati ta dakatar da tura ma'aikata Kuwait bayan an tsinci gawar wata 'yar aiki a cikin firiza. Yanzu suna da ma'aikatar gwamnati sukutum ta ma'aikatan ƙetare, wadda aka yi dokarta a ƙarshen 2021.

Wane irin ƙaton kwali ne suke ta naɗe wa da salatif?

Akwatin *balikbayan* ke nan, ma'ana mai komawa gida. Tsaraba ce, wadda suke kira *pasalubong*, amma tsarabar wanda shi bai samu zuwa ba. Abokin zamana yakan sayi kwalin tun watan Mayu ya girke shi a kusurwar ɗaki. Duk ƙarshen wata ya jefa wani abu: man goge baki, sabulu, cakulan, naman gwangwani, tawul, turare da aka yi wa ragi. A walat ɗinsa akwai takardu a ninke, ɗauke da zanen tafin ƙafar 'ya'yansa da matarsa ta zagaye da biro ta aiko, don kada ya yi kuskuren lambar takalmi. Da yake girman kwali ake biya ba nauyinsa ba, babu gurbin da ake bari: safa a cikin takalmi, sabulu a cikin safa. Ran rufewa sai mutum biyu sun hau kai. Ta ruwa yake tafiya, wata ɗaya ko biyu, don haka mai son kayansa su riski Kirsimeti tun Satumba ko Oktoba yake sallamawa. Dokar kwastan ta 2016 ta yafe haraji a kan kayan da ba su wuce peso 150,000 ba, har sau uku a shekara.

Na taɓa ce masa ai duk wannan akwai shi a kantunan Manila, ya aika kuɗi mana. Ya ce kuɗi na haya ne da makaranta. Wannan kuwa idan an buɗe, ƙamshin inda yake ne ke fitowa.

Yaya suke zama a ƙetare?

A dunƙule. Da ɗan Filifin ya hango ɗan'uwansa zai ce *kabayan*, ɗan ƙasarmu, ko bai taɓa ganinsa ba. A Riyad unguwar Batha ce matattararsu, can ake samun busasshen kifi da wurin aika kuɗi. A Hong Kong kowace Lahadi dubban 'yan aikin gida ke shimfiɗa kwalaye a tsakiyar unguwar bankuna, su wuni suna ci, suna gyaran farce, suna kiran gida. Suna adashi, sunansa *paluwagan*, kuma su ma uwar adashi takan gudu. Duk inda suka taru kuma sai an kunna na'urar waƙa an miƙa wa kowa makirufo, mai murya da marar murya. Idan aka miƙo maka, karɓa ya fi ƙi.

Akwai Musulmi a cikinsu?

Akwai, kuma Musulunci ya riga Kiristanci isa can. Ana danganta masallacin farko da Shehu Karimul Makhdum a tsibirin Simunul na lardin Tawi-Tawi, a 1380. An yi daular Sulu da ta Maguindanao, kowace da sarkin Musulminta, kuma lokacin da mutanen Sifen suka iso Manila, Rajah Sulayman suka tarar, Musulmi. Mutanen Sifen ɗin ne suka laƙaba wa Musulmin sunan Moro, sunan da suke kiran Musulmin da suka yaƙa a Andalus. Da zagi ne, yau masu shi sun rungume shi. Sifen ba ta taɓa murƙushe kudu gaba ɗaya ba.

A ƙidayar 2020 Katolika sun kusa kashi 79 cikin ɗari, Musulmi sun ɗan haura kashi 6, yawancinsu a Mindanao da tsibiran Sulu, daga ƙabilun Maguindanao, Maranao, Tausug, Yakan da Sama. Bayan shekaru da dama na yaƙi, gwamnati ta yi yarjejeniya da ƙungiyoyin 'yan tawayen Moro biyu, MNLF a 1996 da MILF a 2014, sannan a 2019 aka kafa yankin Bangsamoro mai cin gashin kansa, hedikwatarsa a Cotabato. Birnin Marawi ya sha yaƙin wata biyar a 2017. Tun 1977 akwai dokar da ta ba Musulmi kotunan shari'a a kan aure da saki da gado, kuma ƙaramar Sallah da babba duk ranakun hutu ne na ƙasa. Wanda ya musulunta ana ce masa *Balik-Islam*, wanda ya koma Musulunci, kuma da yawansu a ƙasashen Larabawa suka karɓi kalmar shahada.

Kunnen Bahaushe zai tsinci 'yan kalmomi. *Salamat* daga Larabci ta zo ta hannun Malay. Alƙali *hukom* ne. Maranao kuma suna da *maratabat*, martabar dangi, wadda taɓa ta kan jawo gabar da ake gada.

Musulmi zai iya cin abincinsu?

Da tambaya. Alade ya ratsa girkin Kiristocinsu sosai: gasasshen alade sukutum, *lechon*, shi ne sarkin biki, ana suya da kitsensa, har *adobo* na kaza wani lokaci a haɗe yake da shi. Haddace wannan: *May baboy ba ito?*, akwai alade a ciki? *Manok* kaza ce, *baka* naman shanu, *kambing* akuya, *isda* kifi. A Manila, unguwar Quiapo kusa da Masallacin Zinare, wanda aka gina a 1976, cike take da gidajen abinci na halal. Nemi *pastil*, shinkafa da zazzagen kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, ko *tiyula itum* na Tausug, baƙin romon nama da ake yi da ƙonanniyar kwakwa.

Shinkafa ce abinci, safe da rana da dare. Duk abin da ba shinkafa ba mahaɗi ne, *ulam*. Wanda ya ci burodi ya ƙoshi zai ce maka bai ci abinci ba tukuna. Harshensu na son tsami da gishiri da zaƙi, ba ya son yaji sai a Bikol da kudu, don haka tafi da yajinka. *Sinigang* romo ne da ake tsamawa da tsamiya, ga kuɓewa a ciki. Zogale kuwa, *malunggay*, a romon kaza suke zuba shi, kuma su ma masu jego suke ɗura wa don nono. Da cokali da cokali mai yatsu suke ci, ba wuƙa, a gida kuma da hannu.

Idan ka tarar da su suna ci za su ce *kain tayo*, mu ci. Bismillah ce irin tamu. Ka ce ka ƙoshi. In an nace sau biyu sau uku, da gaske ake.

Gaskiya ne suna cin ƙwai da ɗan tsako a ciki?

Gaskiya ne. *Balut* ke nan, ƙwan agwagwa da aka bari ya yi kwana 17 ko kusa da haka, a dafa, a ci da gishiri, galibi da dare. Ba kowannensu ke ci ba. Ni ma kallo na tsaya.

Wai tun Satumba suke fara Kirsimeti?

Ranar 1 ga Satumba za ka fara jin waƙoƙin a kantuna, ba kuma a sauke kayan ado sai Janairu. Ana rataye fitila mai siffar tauraro, *parol*. Daga 16 ga Disamba ana zuwa coci da asuba kwana tara a jere, daren 24 kuma iyali su taru a ci abincin tsakar dare. Doka ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata biyan albashin wata na 13 kafin wannan rana. Yara na zagaya iyayen baftismarsu, *ninong* da *ninang*, su yi *mano*, a ba su sababbin takardun kuɗi, tamkar yawon barka da Sallah. Har barkwanci suke yi a kan *ninong* da ke ɓuya a watan Disamba. Idan ka ga abokin aikinka ya yi sukuku a wannan wata, ka san dalili.

Yaya aure yake a wurinsu? An ce babu saki.

Ga wanda ba Musulmi ba, babu. Filifin da Vatican ne kaɗai suka rage a haka. Abin da ake iya yi shi ne a nemi kotu ta ce auren tun asali bai ɗauru ba, shari'ar da ke cin shekaru da kuɗin da talaka ba shi da su. Majalisar wakilai ta amince da ƙudirin saki a 2018, ta sake a 2024, duka biyun suka maƙale a majalisar dattawa. Sakamakon haka mutane da yawa sun rabu tun tuni, kowa ya kafa wani gidan, amma a takarda ma'aurata ne.

Neman aure kuwa sai iyayen namiji sun je gidan mace da abinci, *pamamanhikan*. A wurin biki ana maƙala wa ango da amarya takardun kuɗi a riga suna rawa. Mace ke riƙe kuɗin gida a yawancin iyalai, miji ya miƙa albashi a ba shi na kashewa. Yaro kuma yana ɗaukar sunan dangin uwarsa a tsakiya, na uba a ƙarshe. Sau biyu mace ta shugabanci ƙasar: Corazon Aquino daga 1986, Gloria Arroyo daga 2001.

An gayyace ni zaman makoki na tarar ana karta. Lafiya?

Lafiya lau. Kiristocinsu kan ajiye gawa a gida kwanaki, wani lokaci fiye da mako, ana jiran 'ya'yan da ke ƙetare. Ba a barin gawa ita kaɗai, don haka ake kwana ana hira, ana shan kofi, ana karta, a cire wani abu daga kuɗin a taimaka wa masu rashi. Kai ma ka kai gudummawarka a ambulan, *abuloy*. Suna addu'ar kwana tara da ta arba'in. Masu camfi ba sa wucewa gida kai tsaye daga makoki, sai sun ratse wani kanti, wai don kada mamacin ya biyo su. Ranakun 1 da 2 ga Nuwamba kuma iyalai a maƙabarta suke wuni, da abincinsu. Musulminsu dai kamar ko'ina, ba sa jinkirta jana'iza.

Zan tafi karatu can. Me zan fara sani?

Za a kalle ka, musamman a wajen manyan birane, yara ma su biyo ka. Yawanci son sani ne, amma son farar fata ya yi musu katutu, kantuna cike da sabulun bilicin, kuma za ka ji maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Su kansu da "ka yi ƙiba" suke gaisawa. In ka tambayi hanya aka turo baki, nuni ake yi maka. In aka ɗaga gira, an ce eh. Cire takalmi a ƙofar gida. A banɗaki za ka tarar da *tabo*, moɗar roba, domin su ma da ruwa suke tsarki, sai dai ba ta da hanci irin na buta. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne, kusan 20 ke shiga yankinsu a shekara; Haiyan, wadda suke kira Yolanda, ta kashe fiye da mutum 6,000 a Nuwamban 2013, don haka in an ce a zauna a gida, zauna.

Sai motar haya, *jeepney*, wadda asalinta jif-jif ne da sojojin Amurka suka bari bayan yaƙin duniya na biyu, aka ƙara musu tsawo aka yi musu fenti kamar motar amarya. Ta baya ake shiga, benci biyu suna fuskantar juna, gwiwa na gugar gwiwa. Sau da yawa babu kwandasta. Ka miƙa kuɗinka ga na kusa da kai ka ce *bayad po*, ya bi hannu-hannu har wurin direba, canjinka ya biyo ta hanyar da kuɗin suka bi. In ka zauna kusa da direba, ka zama kai ne mai miƙa na kowa. Idan ka iso, ka ƙwanƙwasa ƙarfen rufi da kwabo, ka ce *para po*.